Allon Tunawa da Kofur Mshelia

A shagon buga hotuna na Arinze da ke Gamboru, wata tsohuwa ta dangwarar da sandarta a kan teburi, tana nuna allon ƙyalle mai hoton wani mamaci da za a rataya gobe a coci.

"Kai ka rubuta ƙaryar nan?"

"Wace ƙarya, Mama? Kofur Mshelia ne, tsohon soja. Duk unguwa wa bai kai asibiti a kekensa kyauta ba?"

"Wannan gaskiya ne. Har tukunyata ya sha kwashewa ya ba maƙwabta. Na ƙasan nake nufi. An karanta min, wai tun yana makaranta ba a taɓa cin sa a gudu ba."

"Tsofaffin ɗalibai ne suka kawo. Kofuna ya ci, Mama."

"Kofunan banza! Da 'yan boko masu ƙafar tsinke ya yi tsere. Ni gyaɗa nake talla a ƙofar makarantarsu. Ya dumbuza ya zura, na bi shi da faranti a ka, ko takalmi babu. Kafin gada na damƙe wuyan rigarsa. Goge ka sa sunana. Saratu."

Arinze ya danne dariya. "To da kika kama ɓarawon, me kika yi masa?"

"Aurensa na yi, uban me zan yi masa?"

Ta ɗaga ƙasan allon, ta kaɗe ƙurar da ke fuskar hoton.

"Sai bana ya tsere min. Shi ma don gwiwata ta lalace ne."