Saƙon Baba Kyari Ladan ga 'Yarsa ta Fari

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe mai unguwa, Allah ya ƙara girma. Allah gafarta Malam, limaminmu. Dattawan masallaci, daraktan lakwal ɗinmu, wato shugaban makarantarmu, da ya ba ni izinin fashin yau, iyayenmu maza da iyayenmu mata da ke bayan labule, Goggo Aisa da ta taso daga Yamai, Baba Kassim mahaifina, maƙwabta da baƙin da suka zo daga Zango da Zermu, ina gaishe ku duka, ina yi mana ta'aziyya.

Sunana Ramlatu, jikar marigayi. Waɗanda suka san ni sun san ko a aji ba na ɗaga hannu. Ban taɓa tsayawa gaban manya ba. Ba ni na zaɓi kaina ba, shi ne ya ce in tsaya, kuma Malam liman shaida ne. In na yi kuskure ku yafe mini.

Mu mutanen wannan lungu na Birni mun daɗe ba mu san wata murya da asuba ba sai ta Baba Kyari. Iyayenmu da ita suka tashi, mu ma da ita muka tashi. Ya kasance ladanin masallacinmu tun masallacin yana na ƙasa, ba lasifika, sai ya hau matakala ya toshe kunne. Ya kasance mai share harabar da kansa, mai cika randunan alwala, mai korar awakin da ke shiga inuwar dalbejiya. Ya kasance mai tsokana. Ni da na tashi a hannunsa bayan rasuwar kakata Inno, ba ya kirana sai "uwargida", wai ni ce na gaje ta. In na kai masa koko ya ce, "Uwargida, wannan koko ne ko ruwan wanki?" Ni kuma in ce, "Tsoho, ba ka da haƙori, ba ka da godiya." Da shi kaɗai nake iya irin wannan baki.

Amma akwai mutum ɗaya da bai taɓa tsokana ba, bai ma taɓa kiran sunanta ba. Goggo Aisa ce, domin ita ce 'yarsa ta fari. Kun san kunyar mutanen da. In ta shigo ɗaki sai ya kalli bango. In zai yi maganarta sai ya ce "waccan ta Yamai". In ta bugo waya, ni ce nake riƙewa a tsakaninsu, ta faɗa in faɗa masa, ya amsa in faɗa mata, alhali kowa yana jin kowa.

A shekarar da korona ta shigo, ina 'yar firamare. Aka rufe lakwal, aka hana taruwa. Goggo majo ce, wato ma'aikaciyar jinya, a wani asibiti a Yamai, tana ganin abin da mu ba mu gani ba. Baba kuwa yana da hawan jini, ga tsufa, kuma tun rasuwar Inno barcinsa ya lalace. Duk da haka kullum da asuba sai ya fita ya yi kira, tsofaffin abokansa su zo su gaisa hannu da hannu kamar ba a ce komai ba. Goggo ta roƙe shi ya zauna gida. Ya ce mini, "Gaya wa waccan, ciwon masu hawa jirgi ne, ni ko Maradi ban je ba bana."

Da ta ga ba zai ji ba, sai ta aiko direban wata motar kaya da takunkumi da sabulu da ƙaramar kwalbar ƙwayoyi. Ni na karanta masa rubutun Faransancin, harafi harafi: melatonin. Ya ce, "Wane Mala ne kuma wannan? Ɗan Barno ne?"

Goggo ta yi mana bayani a waya. Ta ce abu ne da jikin mutum yake yi da kansa idan duhu ya shiga, shi ke gaya wa jiki lokacin barci ya yi, kuma yana raguwa a jikin tsofaffi. Ta ce likitoci a wasu ƙasashe suna bincike ko zai iya taimakon jiki ya kare kansa daga korona, ko ya rage kumburin da take sa wa huhu. Ta nanata cewa ba a tabbatar ba, gwaji ake yi. Ta ce ta tambayi likita ko zai yi karo da maganin hawan jininsa, an ce ya sha ɗaya tak bayan isha'i. Ta ce, "Ko bai hana komai ba, Baba zai samu barci, barci kuwa ƙarfi ne." Baba ya ce wa bango, "To."

Sauran labarin duk kun sani, har yanzu ana dariyarsa. Washegari unguwa ta farka rana tana kan katanga. Babu wanda ya ji kiran salla, domin ba a yi ba. Masu ƙosai sun makara, masu kabu-kabu sun makara, Malam liman kansa ya ce ya ɗauka mafarki yake yi. Maza suka taru a ƙofar gidanmu suna salati, sun ɗauka ta Allah ta kasance. Na leƙa ɗakinsa na same shi yana minshari, bakinsa a buɗe. Da ya fito yana murza ido, Malam Illa mai gyaran keke ya ce, "Baba, mun zo jana'iza, ka ba mu kunya." Baba ya ce, "Ku koma, gawar ta fasa."

An yi dariya, amma shi bai ci abinci ba ranar. Ya ce tun da ya fara ladanci bai taɓa barin unguwa ta makara ba. Zaɓi biyu ne a gabansa, ko ya bar ƙwayar ya koma rashin barci da fita cikin mutane, ko ya bar kiran asuba. Goggo ta yi kuka a waya, ta ce, "Ramlatu, ki ce masa ni ba ladani nake so ba, uba nake so." Ban ƙarasa maimaitawa ba ya tashi ya fita tsakar gida.

Da la'asar ya aika aka kira Malam Illa. Shekara da shekaru Illa yana roƙon ya riƙa taimaka masa, Baba yana cewa muryarsa kamar ƙofar langa-langa. Ranar ya miƙa masa mabuɗin masallaci, ya ce, "Ka ja numfashi daga ciki, ba daga maƙogwaro ba. Kuma in ka makara ka ce ƙwayata ka sata."

Da sanyi ya shigo, duk da zaman gida, ciwon ya same shi. Zazzaɓi, tari, ba ya jin ƙanshin komai. Aka gwada aka ce korona ce. Likita ya ba shi magunguna, ya ce a ware masa ɗaki, ya ce ƙwayar barcin ma ya ci gaba da ita. Muka ji tsoro ƙwarai. Allah ya tashi kafaɗunsa. Nan fa mutane suka fara sallama, kowa yana so a san masa "maganin ladan". Ya kasance ba ya faɗin abin da bai sani ba. Sai ya ce, "Ni ban ce ita ta warkar da ni ba. Masu binciken ma ba su gama ba, balle ni. Na sha na likita, na sha wannan, an yi mini addu'a, Allah ya ba da lafiya. Ku je ku tambayi likita, kada ku saya a tebur." Da allurar rigakafi ta zo, yana cikin na farko da suka miƙa hannu.

Bai koma kiran asuba ba. Daga baya yakan yi na magariba in ya ji ƙarfi. Ya yi ƙiba, ya ga auren jikoki, ya dasa lemun tsami a bayan ɗaki har ya sha 'ya'yansa. Shekarun nan na ƙarshe, mu da muke gidan mun san masu daɗi ne.

Sai dai akwai maganar da ta yi ta yawo a unguwa, kuma ta kai Yamai. An ce Aisa ta sauke tsoho daga matakala. An ce ta raba shi da ladarsa da ƙwayar Turawa. Goggo ba ta taɓa amsawa ba, amma ta rage zuwa. In ta zo, ta gaishe shi daga bakin ƙofa, shi kuma ya kalli bango kamar kullum, ita tana ganin fushi ne. Ran da muka yi rashi na ji tana ce wa mahaifina, "Kassim, ya tafi bai yafe mini ba."

Goggo, saboda ke aka tsayar da ni.

Ana saura kwanaki kaɗan ya rasu, da hantsi, Malam liman ya zo duba shi, ina ba shi kunu. Ya ce, "Uwargida, kin daɗe kina kai saƙo, saura ɗaya. Amma wannan ba a waya ba. A gaban mutane aka zarge ta, a gaban mutane za ki faɗa." Na ce ba zan iya ba. Ya ce, "Bakin da kike zagina da shi fa?"

Ga abin da ya ce, ban ƙara ba, ban rage ba. Ya ce: "Na yi kira don Allah, na bari don Allah, ba wanda ya sauke ni. Da na bi son raina da tuni an manta inda kabarina yake. Ban taɓa fushi da ita ba ko na yini ɗaya, kunya ce, haka muka tarar. Ki ce Allah ya yi wa Aisa albarka."

Haka ya faɗa, Goggo. Da sunanki. Malam liman ya ji. Na ce, "Tsoho, ka faɗi sunan fa." Ya ja mayafi ya rufe fuska yana dariya, ya ce, "Ai ni na raɗa shi."

Don haka iyayena, ku bar wannan magana daga yau. Goggo, ɗakinki yana nan, ki riƙa zuwa.

Mun gode wa mai unguwa da Malam liman. Mun gode wa Malam Illa da ya riƙe amana. Mun gode wa matan da suka kwana biyu a kan murhu, da duk wanda ya tako.

Allah ya jiƙan Baba Kyari, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya tashe shi cikin ladanai masu dogon wuya ranar alƙiyama. Allah ya jiƙan Inno. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu neman magani sa'a. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Malam, a yi mana Fatiha.