Hoton Inna Atika Ya Fito Fari

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Uban Ƙasa, Allah ya ja zamaninka. Allah gafarta Malam Liman. Dattawan Horo Birni, baƙinmu na Shagari da Boɗinga, Malam Sodangi mijin marigayiya, da iyayenmu mata da ke saurare daga bayan zana, sannunmu da haƙuri.

Ni Yahaya, mai kula da ɗakin shan magani, ni anka ce in yi magana a kan Inna Atika ungozoma. Abin da ke bakina ba mai daɗi ba ne.

Ta kasance mai saurin ƙafa. Ko ana ruwa, in anka ce naƙuda, sai ka hango ta da zane a ka. Ta kasance mai faɗa, don rabin samarin da ke zaune nan sun sha mari gare ta tun ba su buɗe ido ba. Ta kasance mai rufa asirin mata, har ta rufe nata ciwon.

Da ƙullutu ya fito mata a nono, sai da ya hana ta ɗaga tulu kana munka sani. Munka kai ta babban asibiti can nesa, anka ɗauki hoton nonon. Likita ya ɗaga shi ga fitila, fari fat. Ya ce namanta mai kauri ne, shi kuwa nama mai kauri fari yake fitowa, ciwon daji ma fari yake fitowa, kamar a nemi ƙwayar shinkafa cikin ƙwaryar nono. Ya ce a dawo da ita bayan girbi a yanki kaɗan a duba.

Maganar likita ba ta iso garin ga ba. Hoton ne ya iso. Anka riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu ana cewa, “Ku duba, babu ko ɗigon baƙi!” Anka yi guɗa, anka raba fura. Girbi ya zo, anka shiga dashen albasa, sannan tsadar shekarar ga ta hau kan kowa. Da ciwo ya tsananta, wanzami anka kira ya yi mata sakiya da ƙarfe mai zafi. Kun ga abin da ya biyo baya. Ba zan faɗe shi gaban ɗiyanta ba.

Malam Sodangi, da kai nike. Likitan ya ce irin naman nan yakan bi jini, ciwon ma yakan bi. Mata sun shaida mini ɗiyarka Safinatu, wadda marigayiya ta haifa, ta bar ɗaukar jaririnta ta ɓangaren hagu. Na kuma ji an aika wa wanzamin nan ya zo ranar kasuwa. Wallahi tsoro nike ji, Malam. Motar albasar Maniru za ta tashi gobe, ta garin babban asibitin za ta bi, ya ce akwai wurin Safinatu gaba. Izininka kaɗai ake jira.

Mun gode wa duk wanda ya taka ƙafa ya zo. Allah ya jiƙan Inna Atika, ya haskaka kabarinta, ya sa aljanna ce makomarta. Ya Allah, kada ka sake tara mu a ƙofar gidan nan kafin damina. Mu shafa Fatiha.