Malam Idi, A Daina Ba Delu Madara

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Saratu daga Samaru.

Ina da kyanwa, Delu, wadda ta tsufa a hannuna. Tun bara cikinta ya lalace, in ba amai ba, zawo. Maƙwabta suka ce in sa ta a buhu in yar a bakin dogo can Sabon Gari. Na ce wadda ta tsare mini masarata daga ɓeraye ba zan yar da ita ba.

Likitan dabbobi ya hana ta madara. Kullum ina dafa mata kifi, babu mai babu gishiri, in cire ƙaya, in ba ta kaɗan-kaɗan. Ta murmure, sai zawon ya dawo. Da na bi ta wata safiya, na same ta ƙarƙashin teburin Malam Idi mai shayi tana lasar madarar da ya zuba mata. Na roƙe shi ya daina, ya ce mini, "Haba Maman Yusuf, lada nake nema."

Malam Idi, na san kana sauraro, ina gaishe ka. Ladan nan naka, ni nake wanke shi a tsakar gida. In ta zo, ka kore ta. Allah ya ba ka ladan korar.