Direban Kwamfuta

A tashar Kura, wani dattijo rungume da kwamfuta cikin bargo ya matso kusa da wani saurayi mai jiran motar Kano.

"Samari, don Allah a cikin direbobin nan wa ya iya kwamfuta?"

"Me ya haɗa direba da kwamfuta, Baba?"

"Injin sassaƙa ƙofofi na sayo, ita ke ba shi umarni. Ya ƙi motsi, wai babu direba. Masu ginin masallacinmu sun ce in ban kai ƙofa ba kafin Juma'a, Kano za su kai aikin."

Saurayin ya dafe kai.

"Abin da ke kashe mu ke nan! A sayi inji, ba a tambaya! Baba, direban nan ba mutum ba ne, a faifai yake."

"Faifan rufe ƙwarya?"

"A'a! Mai ƙyalli, da huda a tsakiya. Bai zo cikin kwalin injin ba?"



"Ya zo. Yana gonar shinkafata a Kadawa, na rataye shi yana korar tsuntsaye."

"Tun yaushe?"

"Tun shuka. To yanzu in na ciro shi, wa zai tsare min shinkafar?"