Maganin Hawan Jini

A ɗakin jira na ofishin lauya, wata dattijuwa ta matsa wa matashiya wuri a benci.

"Raba aure kika zo nema, 'yata?"

"Yau sai lauya ya shigar da ƙara, Mama. Mutumin nan ko mutuwa yake, ba zan waiwaya ba."

Dattijuwar ta lura yarinyar sai kallon agogo take yi.

"Mama, don Allah bari in riga ki shiga. Ba ya shan maganin hawan jininsa sai na tsaya a kansa."

Dattijuwar ta danne dariya.

"Shiga, 'yata, ba sauri nake ba. Wanda na zo rabuwa da shi yana waje cikin mota yana jirana. Wai kada rana ta dake ni."