Allon da Gingimari Ya Haddace

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban wannan zama, shugaban hukumar dambe da 'yan majalisarsa, malamanmu, tsofaffin zakaru da ke layin gaba, Hajiya matar marigayi, 'ya'yansa tun daga babba har Auta, da sauran jama'a, Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

An ce in yi magana don ni na fi kowa daɗewa da shi. Shekara ashirin da biyu ina tsaye a lungunsa da bokiti da tawul, ina goge masa jini, har sunana ya ɓace, kowa Mai Tawul yake kirana. Yabo aka ce in yi, kuma zan yi. Amma ranar uku na ji Hajiya tana faɗa wa mata cikin kuka cewa ita ta bar shi ya koma filin dambe. Tun ranar abinci ba ya min daɗi. Hajiya, wannan kayan ba naki ba ne, yau na zo in karɓi abina.

Ya kasance ƙato, wanda in ya shigo ɗakin motsa jiki sai haske ya ragu. A tasha muka same shi yana sauke buhuna bibbiyu, shi ya sa aka sa masa Gingimari. Ya kasance zakaran ajin masu nauyi shekara shida, ba wanda ya taɓa kai shi ƙasa. Ya kasance mai buɗaɗɗen hannu har abin ya yi yawa. Wa ke nan bai ci nasa ba? Ya biya wa wannan asibiti, ya ɗinka wa wancan kayan aure, ya saya wa matasan unguwa safar dambe, ya koya musu kyauta. In na yi masa faɗa sai ya ce, "Tawul, kai dai riƙe bokitinka." Da ya ajiye safa, motar hayar da ya saya ta lalace, mu da muka saba cika masa falo muka fara ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya.

Yana da shekara arba'in da uku wani mai shirya wasa ya zo da tayi: karawa ɗaya da wani matashi, kuɗin ya isa a gyara rufin gida, Auta kuma ta gama makaranta. Matsala ɗaya ce. Idonsa na hagu ya kusa mutuwa, sai dishi-dishi. Kuma ku 'yan layin gaba, kada ku sunkuyar da kai ku bar ni ni kaɗai, duk mun sani. Duk mun koyi miƙa masa ruwa ta dama. Duk mun koyi zagayowa ta dama kafin mu gaishe shi. Babu wanda ya taɓa faɗa da baki.

Dokar ita ce sai likitan hukuma ya gwada idon ɗan wasa kafin ya hau. A ɗakin likitan akwai allon nan mai haruffa, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Saura mako biyu na je na ce kaina ke ciwo. Likita ya fita ɗauko abin awon jini, ni kuma na kwafe allon kaf a bayan kwalin bandeji. Ba Gingimari ya sa ni ba. Dabarata ce, har ina jin kaina wani gwani.

Da na nuna masa ya daɗe yana kallon kwalin da idon dama, ya ce, "Wannan ba ha'inci ba ne, Tawul?"

Na ce, "Ha'incin me? Hannu ke dambe ko ido?"

Haka muka fara. Mutumin da lambar wayarsa ma sai ya tambayi Auta, na sa shi hadda. Kowane naushi a jikin buhun atisaye da harafinsa. Yana gudun safe yana karantowa, in ya yi tuntuɓe mu koma farko, muna ta dariya kamar abin arziki. Ranar gwaji ya rufe idon dama da tafin hannu, ya zubo su tiryan-tiryan har layin ƙasa. Likita ya ce, "Kai, tsohon nan ya fi ni gani!" Ya sa hannu a takarda.

Hajiya, kin tuna kin tare ni a ƙofar gida da yamma. Kika ce, "Mai Tawul, tsakaninka da Allah, idon nan ya warke?" Na ce miki, "Ai likita ma ya sa hannu." Da wannan maganar kika bar shi ya tafi. Ba ki yi sakaci ba, tambaya kika yi wa amininsa, amininsa ya yaudare ki.

A zagaye na huɗu yaron ya gane. Ya koma ɓangaren hagu ya zauna a can, yana zuba masa abin da bai ga tahowarsa ba. Tawul yana hannuna, ina iya jefawa a tsayar da wasa. Ban jefa ba sai a na bakwai, yana ƙasa. Ya tashi, amma wanda ya tashi ba shi ne ya hau ba. Hannu ya fara rawa, harshe ya yi nauyi, sunaye suka riƙa zubewa. Kuɗin rufin nan a asibiti ya ƙare. Ya kasance mai rufa asiri, domin lokacin da yake da sauran magana, duk wanda ya tambaya sai ya ce taurin kansa ne. Bai taɓa ambaton sunana ba.

Ni kuwa kunya ta hana ni taka gidan shekara uku, ina bi ta bayan layi don kada in wuce ƙofarsa. Watan jiya na daure na je. Yana zaune a baranda, Auta tana ba shi shayi da cokali. Ta ce, "Baba, ga Baba Mai Tawul." Bai gane fuskata ba. Amma da na yi sallama ya ji muryata, sai ya gyara zama, ya ɗaga hannun nan mai rawa ya rufe idon dama, ya fara: "E. F, P. T, O, Z." Har ƙasa, bai kuskure ko ɗaya ba. Mutumin da ya manta sunan 'ya'yansa. Sannan ya ce, "Na yi daidai, Tawul?"

Auta, kin juyo kin ce min, "Baba, me yake karantawa haka?" Na ce miki ban sani ba. Ƙarya na yi miki, 'yata. Yau kin ji amsar.

Hajiya, ba na roƙon ki yafe min a gaban mutane, don kada kunyar taro ta sa ki faɗi abin da zuciyarki ba ta kai ba. In kin yafe wata rana, alhamdu lillahi. In ba ki yafe ba, kina da gaskiya. Abu ɗaya nake roƙo: ki daina cewa ke kika bar shi.

Na gode wa waɗanda suka shirya zaman nan, na gode da kuka saurare ni ba ku kore ni ba. Allah Ya jiƙan Gingimari, Ya sa jinyarsa ta zama kaffara, Ya haskaka makwancinsa, Ya raya abin da ya bari. Mu da muka gani muka yi shiru, Allah Ya dube mu da rahama. Malam, bismillah, a yi masa addu'a. Ni bakina bai cancanci ya ja ta ba.