Ramin da Ke Allon Alhaji Isiyaku

Assalamu alaikum. Shugaban taro Malam Kailani, babban baƙonmu Alhaji Isiyaku mai gidan burodi, iyayenmu maza da mata, da ɗalibanmu goma sha biyu da muke yayewa yau a sana'ar allon talla, barkanku da zuwa Tudun Wada. Mun gode da wannan karamci.

Ɗalibaina, kun koyi sassaƙa haruffa a allon kumfa mai tauri, wanda ruwa ba ya ci, gara ba ta ci. Saura gyara, kuma gyara zaɓen abin cikewa ne.

A daminar nan iska ta kayar da allon Alhaji a Kwangila, ya fashe, rami ya kai tafin hannu. Ya kawo wa ɗalibarmu Mahbuba, ya ce: "'Yata, in na gane wurin da kika cike, aikin shagunana huɗu Kano zai tafi. In ban gane ba, naki ne."

Kawunta fanalbita ne, mai gyaran jikin mota. Ya ce, "Ke, wannan har wani aiki ne? Ga fila da muke cike lotsewar mota da ita, shafa kawai!" Mahbuba ta fara gwadawa a guntun kumfa. Da filar ta bushe, ta sa samfefa don ta goge, sai samfefar ta cinye kumfar, ta bar filar tsaye kamar ƙurji. Kawu ya duba ya ce, "To, a mota dai ba ta yi mini haka."

Ku riƙe wannan, 'ya'yana: abin cikewa kada ya fi allon tauri nesa, kuma ku gwada a guntu kafin ku taɓa kayan mutane. Ƙaramin tabo, fila marar nauyi ta isa. Babban rami kuwa, ɗan'uwansa yake so. Mahbuba ta yanko guntun kumfa irinsa, ta dasa da gam, sannan ta kwaɓa gam da garin kumfar da kuke sharewa kullum kuna zubarwa, ta cike bakin. Ta goge, ta yi fenti.

Ɗazu Alhaji ya sa tabarau, ya shafa allon sama da ƙasa, ya ɗora yatsa ya ce, "Nan ne!" Alhaji, a gafarce mu, nan ɗin bai taɓa fashewa ba. Mahbuba, shaguna huɗu suna jiranki ranar Litinin.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya saka wa iyayenku da alheri, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.